Shin Faɗin Damuwa Rashin Haƙuri Ne?

'Yan'uwa mazauna Inugu da Anacha da Fatakwal, da duk wanda wannan mujalla ta shiga hannunsa.

Akwai wata magana da muke yawan yi wa juna a wannan zama namu na kudu, kalma biyu ce kacal: "yi haƙuri." Mota ta lalace da kaya tsakanin Makurɗi da Otukpo, yi haƙuri. Yaro ya faɗi jarrabawa, yi haƙuri. Mace ta shekara uku tana jinyar surukarta, yi haƙuri. Magana ce mai kyau, addini ya zo da ita, iyaye sun raine mu a kanta. Amma wani abu ya faru da mu a masallacin kasuwa wanda ya sa muka fara tuhumar kanmu a kan yadda muke furta ta.

Wani abokin sana'armu ne, dattijo mai rufin asiri, ya tsaya bayan sallar magariba har kowa ya watse. Ya ce, "Malam, wallahi wata biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Abinci ba ya shiga. Ko lissafi na zauna yi sai kaina ya ɗauke." Mun san abin da ya same shi: motar albasarsa ta kwana huɗu a hanya, kafin ta iso rabin kayan ya ruɓe, kuma da kuɗin mutane a ciki. Me muka ce masa? Muka ce arziki na Allah ne, ya ƙara istigfari, ya yi haƙuri, wasu sun ga abin da ya fi wannan. Ya ce, "Haka ne, Malam, na gode." Ya sa takalmi ya tafi. Bai ƙara tsayawa ba. Bayan wasu makonni ya daina fitowa rumfa, sannan ya daina fitowa sallah. Unguwa ta ɗauka, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce kunyar masu bashi ce. Sai da ƙanensa ya zo daga gida ya kai shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka ɗora shi a kan magani na watanni. Yau Alhamdu lillahi yana rumfarsa. Da muka je yi masa barka, ya dube mu ya ce, "Malam, ranar nan da na tsaya, ai ba fatawa na zo nema ba."

Duk abin da muka faɗa masa a daren nan gaskiya ne, babu kalma ɗaya ta ƙarya. Duk da haka mun zalunce shi, domin da gaskiyar muka rufe masa baki. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tambayar gaban jama'a: mutumin da ya buɗe baki ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, ya kasa ɗauka, shin haƙurinsa ne ya gaza? Tawakkalinsa ne ya yi rauni?

Bari mu fara da yi wa masu cewa a yi shiru adalci, don ba wawaye ba ne. Sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baƙo a garin mutane jarinsa na farko mutuncinsa ne. Kasuwancinmu kusan duka a kan amana yake tafiya: a loda maka buhu ɗari daga Aliero ko Dawanau ba takarda ba shaida, sai ka sayar ka aika. Ranar da aka ce wai kan wane ya ɗan taɓu, wa zai ƙara loda masa? Wa zai zo neman auren 'yarsa ba tare da an yi ta ƙus-ƙus cewa abin a jininsu yake ba? Unguwar kuma ƙarama ce, maganar da aka yi da safe a Garki kafin la'asar ta isa Ama Hausa, kafin dare an ji ta a Kano ta waya. Wanda ya yi shiru yana kare abincin 'ya'yansa ne. Sannan dattawa suna da wata hujjar: idan kowace wahala aka mai da ita ciwo, yara za su tashi ba ƙashin baya, kowane ƙaramin abu sai su kwanta. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, duniya ba ta taɓa zama gidan hutu ba.

To amma mu duba abin da muka karanta a Islamiyya tun muna yara. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu shekara da shekaru har ganinsa ya tafi, 'ya'yansa suka yi ta yi masa faɗa ya daina ambatonsa, kuma Allah bai cire shi daga cikin masu haƙuri ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim a gaban sahabbai. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki, ba su ɓoye sunan ba. Kuma tun farko, da ya sauko daga kogon Hira jikinsa yana rawa, wurin matarsa ya nufa ya faɗa mata tsoron da yake ji, ita kuma ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal wanda ya fi ta sanin al'amarin. A lura da tsarin nan: ta saurara, ta rarrasa, ta kai shi ga masani. Mu a daren nan ko na farkon ba mu yi ba.

Malamai sun bambanta abu biyu. Akwai kai ƙarar Allah wurin bayinsa, wato fushi da hukuncinsa da ganin an zalunce ka. Wannan shi ne yake rushe haƙuri. Akwai kuma bayyana halin da kake ciki ga wanda zai iya taimaka maka, kamar mara lafiya ya gaya wa likita inda yake masa ciwo. Babu wanda ya taɓa cewa mai ciwon sukari ya rasa tawakkali don ya je an auna jininsa. Haƙuri aikin zuciya ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, yana iya kasancewa tare da hawaye, yana iya kasancewa tare da kwalbar magani a aljihu. Kuma mutum yana iya yin shiru ƙurum alhali cikinsa cike yake da fushi da ƙaddara.

Wasu suna ɗauka maganar lafiyar ƙwaƙwalwa Turawa ne suka kawo ta. Sama da shekara dubu da suka wuce wani malami Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da gyaran rai a haɗe. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Na farko mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asarar dukiya, wanda nasiha da abokan zama na gari da gyara tunani suke sauƙaƙawa. Na biyu wanda yake saukar wa mutum ba wani dalili a fili, ya hana shi jin daɗin komai. Wannan ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar magani. Har ya ba da shawara mutum ya tanadi tunani masu ƙarfafa zuciya tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata. Likitocin yau abin da suke cewa bai yi nisa da wannan ba: idan ƙuncin rai da rashin sha'awar komai suka zauna wa mutum kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, ga rashin barci ko rashin cin abinci, ga kasa yin aikin da ya saba, to abin ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma kimanin miliyan 280 suna da ciwon damuwa. Ba mu da dalilin zaton cewa zangonmu kaɗai aka tsallake.

Hasali ma zamanmu na nan yana da nasa nauyin na daban. Mun daɗe a ƙasar nan, tun kakanni. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya. Muna da maƙwabta Ibo da Ikwerre da Ijo da suka riƙe mu da amana. Amma kowa ya san yadda barcinmu yake idan aka ce wani abu ya faru a wani gari mai nisa. Waɗanda suke Anacha a watan Fabrairu na 2006, lokacin da kashe-kashen Maiduguri suka jawo ramuwar gayya, har yau akwai wanda in ya ji hayaniya a bakin titi sai cikinsa ya juya, domin ya tuna yadda aka tsallaka gada zuwa Asaba ba takalmi. Mutanen Fatakwal ba su manta da Oyigbo a watan Oktoba na 2020 ba. Tun watan Agusta na 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin, masu kayan gwari sun yi ta kallon jarinsu yana laushi a cikin kwando, su da maƙwabtansu 'yan gari duka. Aka zo ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota ya tashi. Ko wanne ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya hana magidanci barci. Idan bai sami inda zai sauke ba, a gida yake saukewa, a kan mata da yara, ko kuma jikinsa ya karɓa, a wayi gari hawan jini ya kwantar da shi.

Ga yaranmu 'yan makaranta. Yaro ya tashi asuba ya je hadda, ya tafi boko, ya dawo ya tsaya rumfa, da dare Islamiyya. A aji ana kiransa Aboki ana dariya, in ya je hutu gida a ce Hausarsa ta karye. Ya zauna WAEC da JAMB yana sane da cewa gidan duka shi ake kallo, kuma ko ya ci, sai an aika Arewa neman takardar shaidar ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana wata ɗaya a cikinta ba. In ya faɗi, abin da yake ji shi ne adadin kuɗin da aka kashe. Yaron da ba shi da wanda zai gaya wa tsoronsa, akwai masu jiransa a bayan tasha da ƙwaya. Gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, amma dalilin da yake kai yaro gare shi yana nan a cikin gidajenmu. Mu tambayi kanmu, yaushe rabon da mu zauna da ɗanmu minti goma ba faɗa ba aike?

Waɗanda abin ya fi ci kuwa, kuma ba a ko ganinsu, su ne masu jinya, galibinsu mata. A gida Arewa, idan tsohuwa ta kwanta ko gigin tsufa ya kama ta, gidan yawa ne: wannan ta yi wanka, waccan ta dama kunu, gwaggo ta zo ta kwana biyu. Mai haihuwar fari a kai ta gidan iyayenta wankan jego, ta yi arba'in ana yi mata komai. A nan fa? Ɗaki ɗaya ko biyu na haya, maigida ya fita tun asuba, uwarta tana Katsina ko Maraɗi, tafiyar yini da kwana. Ita ce girki, ita ce wankin majinyaci, ita ce tashin dare, ga goyo. Masu dubiya su shigo su gaida mara lafiya, su ajiye lemo, su ce mata "sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada," su tafi. Ranar da ta gaji ta ɗaga murya, a ce ba ta da tarbiyya. Ranar da mai jego ta zauna tana kuka ba dalili, ta kasa kallon jaririnta, a ce iska ce, alhali ciwo ne sananne da yake samun mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Lada gaskiya ne, Allah ba ya tozarta shi. Amma mu da muke yi mata albishir da lada, mun ɗauke mata ko dare ɗaya? Mun san labarin Salmanul Farisi da ya hana ɗan'uwansa Abud Darda'i wahalar da kansa da ibada, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Idan ibada ma ba a yarda ta cinye jikin mutum ba, ina ga aikin da ya kamata a raba tsakanin mutum biyar?

A nan ne muke ganin tambayar ta juyo kanmu. Haƙuri wajibi ne a kan wanda musiba ta sama, wannan tsakaninsa da Allah ne. Mu da muke gefe, abin da aka ɗora mana daban ne: taimako, dubiya, yaye baƙin ciki, rufa asiri. Kuskurenmu shi ne muna tuna masa nasa wajibin don mu kauce wa namu. Sau da yawa "yi haƙuri" a bakinmu ma'anarta ita ce "ka isa haka, ina da abin yi." Ku duba yadda muke idan aka yi rasuwa: kafin awa ɗaya an tara kuɗin likkafani, an sami mota, rumfuna sun rufe, ba a tambayar ko ɗan wane gari ne. Madalla da wannan hali. To me ya sa mai rai da yake nitsewa a gabanmu ba ya samun rabin wannan? Mu a fahimtarmu, kula da irin waɗannan bayin Allah yana cikin abin da in wasu suka yi ya sauka a kan saura, in kowa ya bari kuwa unguwa duka ta ɗauki alhaki.

Hujjar masu shiru da muka kawo a baya, ita ma amsarta a hannunmu take. Mutane suna ɓoye ciwo ne saboda bakinmu. Da za a ce wanda ya je asibitin ƙwaƙwalwa ya dawo ya tarar ana loda masa kaya kamar da, ana neman auren 'yarsa kamar da, da babu mai ɓoyewa. Yaɗa maganar ciwon ɗan'uwa giba ce, ko da an fara ta da "Allah sarki."

Saura maganar addu'a da asibiti, don nan ne ake yawan gardama. Mu masu ruƙiyya ne, muna yi, mun yarda da ita, kuma zikiri yana sanyaya zuciya, wanda ya gwada ya sani. Amma ba mu taɓa karanta inda aka ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. An umarce mu da neman magani. A yi tofi a sha ƙwayar likita, kuma kada wani malami ya sa majinyaci ya ajiye maganinsa. Abin da ba shi da gurbi a addini shi ne ɗaure mara lafiya da mari da dukansa da sunan fitar da aljani. Duk mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na ɗan Adam. Ba sai an ɗauki mutum zuwa Dawanau ko Kware ko Barnawa ba: a Inugu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a New Haven, a Anambra akwai na Nawfia, a Fatakwal akwai na Rumuigbo. Likitocin wannan fanni kaɗan ne a ƙasar nan, 'yan ɗaruruwa ga mutum sama da miliyan 200, saboda haka ba za su iya su kaɗai ba. Tun a shekarun 1950 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka a Aro ta Abeokuta, inda ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Ya ga cewa mutum cikin mutane yake warkewa. Wannan ai namu ne tun asali, zumunci a ƙafa yake.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Wanda aka zo wa da damuwa ya bari mai magana ya kai aya kafin ya jawo nasiha, ya kuma koma ya neme shi bayan kwana biyu. Mata su yi adashin jinya kamar yadda suke adashin kuɗi, yau wance ta karɓi mai jinya ta samu ta yi barcin rana, gobe wance. Maigida ya sani cewa jinyar mahaifiyarsa a kansa take kafin matarsa. In ta yi, alheri ta yi masa, ya gode, ya sa hannu. Iyaye su bar wa mai jarrabawa lokacin barci, su kuma gaya masa tun kafin sakamako ya fito cewa ko ya ci ko ya faɗi ɗansu ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da magani, su kuma sami amintaccen mai jin Turanci ko Ibo da zai raka wanda harshe zai ba shi wahala a gaban likita. Wanda kuma aka ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka wasa ne, kada a tsaya yi masa wa'azin wuta. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Mu limamai kuma mu fara da kanmu. Tun bayan abin da ya faru da abokin nan namu, idan mutum ya tsaya bayan sallah har sahu ya watse, mukan gyara zama mu ce, "Alhaji, ina jin ka." Wani lokaci har a kira isha'i ba mu ce komai ba. Haƙurin muna faɗarsa, amma sai a ƙarshe, bayan mun san nauyin kayan da kuma gefen da za mu kama.

Allah ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mu.